Daga Montiriyal zuwa Kalgari da iyali a watan Janairu

Wani ɗan'uwanmu ɗan Garwa da ke zaune a Montiriyal, a lardin Kebek na ƙasar Kanada, ya rubuto cewa ya samu aiki a Kalgari, a lardin Albata, zai fara tsakiyar Janairu. Yana so ya loda kaya a motarsa, ya ɗauki maiɗakinsa da yara biyu, su bi hanya. Mahaifiyarsa a gida ta tayar da hankali. Yana tambaya me zai shirya.

Ɗan'uwa, Allah ya sa alheri a sabon aikin. Kafin mu zo kan mota, ɗauko takardunka ka duba, don ba ka faɗa mini matsayinka ba. In ka riga ka samu izinin zama na dindindin, tsarin mulkin Kanada ya ba ka 'yancin zama da aiki a duk lardin da ka so. Amma in takardar neman zaman naka tana hannun hukuma, kuma ta ƙofar Kebek ka shigar da ita, to sharaɗin wannan ƙofa shi ne niyyar zama a Kebek, kuma tashi yanzu zai iya rusa maka komai. Haka in izinin aikinka na ɗauke da sunan kamfani guda, ba ka da damar fara wa wani aiki sai an ba ka izini. In kana cikin ɗayan biyun nan, ga lauyan shige da fice tukuna.

Gidan haya ma ba a kulle shi a miƙa makulli kawai. Yawancin yarjejeniyar haya a Kebek sai 30 ga Yuni take ƙarewa. Nemi wanda zai gaje ka, ka sanar da mai gida a rubuce. Yana da kwana 15 ya ba da amsa. Wanda ya fice ba tare da wannan ba, kuɗin watannin da suka rage na iya biyo shi har Albata.

To, hanya. Kilomita wajen 3,600 ce, wato kamar ka yi Garwa zuwa Yawunde sau uku har da ɗoriya, kuma kwatancen iyakarsa nisa. Ra'ayina a fili: uwargida da yara su hau jirgi, tafiyar kusan awa biyar ce. Kai ka nemi wani ɗan'uwa da ya saba tuƙi cikin dusar ƙanƙara ku riƙa karɓa-karɓa. Na san za ka ce kuɗin tikiti. Lissafa ɗakin otal na mutum huɗu dare biyar, da abinci, za ka ga ratar ba ta kai yadda kake zato ba. Kayan ɗaki masu nauyi kuwa, ko ka sayar ko ka ba kamfanin jigila. Jan tirela a bayan ƙaramar mota a kan santsi aikin gwanaye ne.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne arewacin Ontariyo. Daga Sault Ste. Marie zuwa Thunder Bay kilomita kusan 700 ne a gefen tafkin Superior, mafi yawa layi ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, ga hawa da gangara, ga manyan tireloli. Iska na ɗebo dusar ƙanƙara daga kan tafkin ta watso, cikin minti kaɗan ka daina ganin fitilar motar da ke gabanka. 'Yan sanda kan rufe hanyar, kuma a wasu wuraren babu wata ta kewaye. A Janairun 2016 da gadar Nipigon ta samu matsala, hanyar mota tsakanin gabashi da yammacin Kanada yankewa ta yi. Saboda haka ware kwana shida, ka ƙara biyu na ko-ta-kwana, ka gaya wa sabon wurin aikin tun yanzu cewa ta ƙasa za ka zo. Su ma 'yan ƙasar ne, sun san Janairu. Kowace safiya duba shafin 511 na lardin da kake ciki, wato shafin intanet da ke ba da labarin halin da hanyoyi ke ciki. In an ce kada a fita, koma ka ja bargo. Rana gajeriya ce, wajen biyar na yamma duhu ya yi, dabbobin daji kuma na tsallaka titi. Ka tashi da wayewar gari, ka sauka kafin magariba. Kasaru da haɗa salla sauƙi ne da aka yi wa matafiyi, yi amfani da shi.

Tayoyin hunturu kana da su, tunda a Kebek dole ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, amma duba ko sun cinye. Kai motar gareji a gwada batir, don sanyi shi yake fara kashewa. Ka tambayi bakanike ko injin na da wayar ɗumama shi da ake jonawa a wuta da dare. Daga Winifeg zuwa Rejaina sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, motar da ta kwana waje ba jone ba sai ta ƙi tashi. Ruwan wanke gilashi ya zama mai jure 40 ƙasa da sifili, ka riƙe galan biyu. Mai ya sauka rabin tanki, sha a gidan mai na gaba, kada ka ce sai na can gaba. Bargo, shebur, tocila, wayar tayar da batir, dabino da ruwa su zauna cikin mota kusa da hannu, kada kaya su danne su a but. Fasfo da takardun zama a jikinka.

In kuka maƙale, ku zauna cikin motar. Ka fita ka share dusar da ta toshe salansa, sannan ka kunna injin na ɗan lokaci, ka kashe, tagar a ɗan buɗe. Hayaƙin da ke dawowa ciki ba shi da wari, barci yake sa mutum, daga nan sai dai labari.

Hajiya kuma, kada ka ɓoye mata, amma ka faɗa mata tun wuri cewa akwai wuraren da waya ba ta kamawa. Garwa na gaban Montiriyal da awa shida, na gaban Kalgari da takwas, don haka kiran asuba kafin ka tashi shi ya fi dacewa, lokacin rana ce a wajensu.

In ka isa, kana da kwana 90 ka canza lasin tuƙi da rajistar mota, kuma sai an yi wa motar binciken da ake yi wa motocin wani lardi, ka kuma yanki inshorar Albata. Yi rajistar katin lafiya da wuri. Wanda ya sauka a Janairu, na Albata sai 1 ga Afrilu zai fara aiki. Kafin nan katin Kebek ne, kuma likita a wajen Kebek na iya cewa ka biya da kanka, daga baya ka nemi a mayar maka, ba lallai duka ba. Rasit ɗin mai, otal da jigila ka adana su wuri guda, don wanda ya tashi saboda aiki yana iya cire kuɗin tashi daga abin da za a yi masa haraji a kai. Tunda 31 ga Disamba a Kebek za ta same ka, takardar harajin shekarar da ke ƙarewa ta Kebek za ka cika tare da ta tarayya.