Me ke ƙona diyod ɗin injin casar shinkafa?

Tambaya: Ina da ƙaramin injin casar shinkafa a Argungu mai aiki da wuta mai layi uku. Sau biyu ke nan a kakar bana na'urar da ke sarrafa gudun motonsa tana mutuwa, mai gyara kuma ya ce diyod ɗin rektifaya ne suka ƙone, alhali bireka ba ta faɗi ba sai da aikin gama ya gama. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, rektifayar irin wannan na'ura tana da diyod 6, wato ƙananan na'urorin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, biyu ga kowane layi, kuma aikinsu shi ne mayar da wutar AC, wato mai kai-da-komo, mai bolt 415 zuwa DC, wato mai tafiya gefe ɗaya, mai kusan bolt 560. Muddin layukan ukun suna nan lafiya, diyod ɗin suna karɓa-karɓa ne, wutar kuma tana fitowa da 'yar rawa kaɗan, sau 300 a daƙiƙa. Da zarar layi guda ya ɗauke, wanda shi ne abin da na fi zargi a wurinka, sai nauyin ya koma kan diyod 4 kawai, rawar ta yi zurfi ta dawo sau 100, kafasito, wato ma'ajiyar wutar da ke daidaita rawar, su ɗau zafi, moto kuwa ya ci gaba da juyawa kamar babu komai har wani abu ya ƙone.

Kada ka ga laifin bireka, domin an yi ta ne don kare waya, ita kuwa waya tana jure zafi na ɗan lokaci, amma ƙwayar silikon da ke cikin diyod tana narkewa kafin ƙiftawar ido. Abin da ke cetonta shi ne fiyus mai saurin yankewa, mai alamar aR, wanda adadin I²t ɗinsa, wato yawan wutar da yake bari ta wuce kafin ya tsinke, ya gaza wanda diyod ɗin ke iya jurewa. Ɗabi'ar nan ta naɗa silin tagulla a gurbin fiyus idan ya tsinke, wadda ta zama ruwan dare a shagunanmu, arha ce mai tsada.

Ka sa a haɗa maka rile, wato na'ura mai lura da layuka, wanda zai saki kontakto, makunnin da ke ba injin wuta, idan layi ya ɗauke ko ƙarfinsu ya bambanta sosai. Riyakto, wato naɗin waya mai rage fizgar wuta, na kashi 3 cikin 100 a bakin shigar wuta zai tausasa fizgar da ke biyo bayan dawowarta, sannan baristo, wato na'urar kariya daga hauhawar bolt, ya shanye tsallen wuta na tsawar damina.

Da a ce tairisto ne a ciki a maimakon diyod, wato 'yan uwan diyod da sai an ba su sigina suke kunnuwa, da na'urar ta iya kare kanta, domin da jinkirta kunna su ake rage bolt, jinkirin digiri 60 na zagayen wutar yana raba shi biyu, kuma idan aka hana su siginar kunnawa sai wutar ta yanke. Diyod ba ya karɓar umarni irin wannan.

Kafin mai gyara ya taɓa ciki, ya jira aƙalla minti 5 bayan kashe wuta, sannan ya auna kafasito da mita ya tabbatar sun sauke.