Likitan Ƙwaƙwalwa ta Bidiyo ko Ido da Ido: Amsa ga Wata 'Yar'uwa a Ingila

'Yar'uwa, kin ce kina aikin kula da tsofaffi a Leeds, barci ya ƙaurace miki wata 3, likitan unguwa ya tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa, amma kina tsoron kada zuwan ya taɓa takardunki, har wani dillali ya ce zai haɗa ki da likita ta WhatsApp a kan fam 200.

Ki kwantar da hankalinki. Jinyar NHS, wato hukumar kula da lafiya ta Birtaniya, ba ta cikin tallafin gwamnati da bizarki ta hana ki karɓa, kuma abin da kika gaya wa likita ba ya isa kunnen masu wurin aikinki sai da yardarki.

Ganin likita ta bidiyo yana da amfaninsa, musamman ga mai aikin dare da ba ta da hutun shiga mota, kuma ya wadatar wajen bibiya idan magani ya karɓe ki. Amma ganin farko, ni dai ina son ki je da ƙafarki. Allo ba ya nuna rama ko rawar hannu sosai, ba a ɗibar jini ta waya, alhali ciwon maƙoƙo kan zo da kamannin damuwa, kuma magani irin lithium sai da gwajin jini a kai a kai. Balle ke da kike raba gida da mutum 3, ina za ki saki baki ki faɗi abin da ke cin ki?

Shi kuwa dillalin, ki guje shi. Na ga wadda aka aiko wa ƙwayoyi marasa suna cikin kayan miya, ta ƙare a gadon asibiti. Duk likitan da babu sunansa a rajistar GMC, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Birtaniya, ba ya da ikon duba ki a nan, kuma kantin magani ba zai karɓi takardar da aka rubuto daga Najeriya ba.

Yayanki ya ce iska ce, ki dawo gida a yi miki ruƙya, kada ki tona asirin dangi. Addu'a ba ta hana shan magani, amma wanda bai taɓa tambayar barcinki ba sai ranar da kuɗin wata suka makara, bai kamata ya yanke miki wannan hukunci ba. Ki kuma tuna cewa wuce kwana 180 a waje cikin wata 12 yana karya lissafin shekarunki na neman zaman dindindin.

Ki nemi tafinta idan kina so, kyauta ne. In dare ya yi miki nauyi kafin ranar ganin likitan, ki kira lambar NHS ta 111 ki zaɓi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.