Sabis a cike, amma murya na yankewa

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke sa murya yankewa a kiran WhatsApp alhali sabis a cike yake. Sandunan saman waya ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba sa nuna cunkoson da ke kan layi.

A kiran intanet, wato VoIP, daddatsa muryarka ake yi a tura ta ƙunshi-ƙunshi. In wasu sun ɓace a hanya, kalmomi su guntule. In sun iso a hargitse, wani da wuri wani a makare, murya ta riƙa rawa. Jinkiri kuwa, da ya haura milisakan 150 (milisakan dubu ne sakan ɗaya) sai ku fara katse wa juna magana.

Kira ba ya cin data sosai, ƙaro data ba zai magance ba. Dakatar da sauke bidiyo lokacin kira, ko ka gwada Wi-Fi.