Koren dutsen zoben Alhaji

Ka tambaye ni, ɗana, cikin duwatsu ukun nan da dillali ya kawo daga kasuwar Kurmi, wanne za mu ɗora wa zoben azurfar da Alhajin Ringim ya ba da aikinsa, tunda ya ce kore yake so. Ajiye magagarin, kwaso su mu fita. Ba a zaɓar dutse a cikin maƙera, jan garwashi yana ruɗin ido. Hasken hantsi ake so.

Ɗauki wannan mai ƙyallin ka ɗora a kumatunka. Ka ji ya ɗumama nan da nan? Dutsen kwaz, irin dutsen nan mai kama da ƙanƙara, yakan jima da sanyinsa. Ɗaga shi sama ka leƙa, ga 'yan kumfa zagayayyu a ciki. Kwalba ce aka narka. A ma'aunin taurin duwatsu kwaz yana kan 7, kwalba kuwa wajen 5 da rabi, shi ya sa kwaz ke karce ta. Mayar wa dillali kayansa.

Na biyun ya fi jan hankalinka, na gani, saboda korensa ya yi shar. Kwaz ne, amma duba inda launin ya taru: cikin tsage-tsagen ne, tsakaninsu fari. Gasa shi aka yi, aka tsoma a ruwan rini, ya daddare ya sha. Mutumin da ke alwala sau biyar a rana, ga sabulu ga gumi, irin wannan ba zai riƙe masa launi ba. Kuma dutsen da ya riga ya tsage, ranar da ya bugi ƙofar mota sai a tsince shi biyu.

Na ukun shi ne namu, koren kwaz ne, wannan mai haske-haske kamar ɗanyen ganyen da ya fara tohowa. Yawancin irinsa daga Burazil ake kawo su. A ƙasa shunayya ake haƙo shi, sai a gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 500, ya juye kore. Wanda ya fito kore tun daga rami kaɗan ne ƙwarai. Gashin nan ba aibi ba ne, launin ya shiga jikin dutsen gaba ɗaya. Abin da ban yarda da shi a rumfata ba shi ne a ce wa Alhaji zumurrudu ne. Zumurrudu dutse ne daban, kuɗinsa daban. Ka faɗa masa sunan abin da ya saya, ka faɗa masa an gasa shi.

Tunda korensa ba mai duhu ba ne, kada mu nemi ƙarami, in ya ƙanƙanta sai ya zama kamar ruwa. Wannan yana da kauri, zai riƙe launi.

Gidansa kuma, bango za ka zagaya masa da azurfa, ban da farata. Alhaji hatsi yake saye, hannunsa kullum cikin buhu, farata za su maƙale su buɗe. Ka gama duk wani liƙi na wuta kafin dutsen ya zauna, don zafi yana canja masa launi ko ya fasa shi. In ya zo karɓa, ka ce kada ya riƙa barinsa a rana, yakan koɗe. Lokacin hunturu kuma ya ɗauraye shi kafin ya goge, domin ƙurar tana ɗauke da yashi mai tauri irin nasa, za ta dushe masa fuska.

Ranar kasuwa ka auna yatsansa da yamma, lokacin da zafi ya ɗan kumbura shi.