Ɗan'uwa mai famfon da ya ƙi tsayawa, kada ka yi tafiyar nan tukuna

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka haɗa Arduino, ƙaramin allon nan da ake rubuta wa kod, da fulot guda ɗaya, wato makunnin da ke tashi da sauka da tsayin ruwa, don ya riƙa mayar wa tankin kifinka na ruwan gishiri ruwan da ya ƙafe, sau biyu kana iske famfon yana ta zuba bai tsaya ba, kana tambaya ko matsalar kod ce, ga shi kuma kana shirin ziyara Madina na kwana huɗu. Don girman Allah kada ka bar shi a haka ka tafi. Wannan abin shi ya kashe mini tanki bara waccan a nan Jidda, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Nawa lita 150 ne, shekara biyu ina rainonsa. Da kifayen nan biyu masu ruwan lemo da farin zane, da anemon ɗinsu, da jatan lande biyu, da murjanin da na saya ɗan mitsitsi har ya kusa tafin hannu. ESP32 na saka, allo irin Arduino mai hawa intanet, yana auna zafi, yana kunna fitila, yana ƙara ruwa, yana turo mini saƙo ta Telegram in wani abu ya sauya. Da za mu tafi Madina da iyali a watan Agusta sai na cika durom na lita 60 da ruwan RO, tataccen ruwa mara gishiri, wai don kada ya ƙare. Na ba wani aboki makulli, mutumin da muke cin abinci a faranti ɗaya, wanda na yi masa jagora lokacin da ya iso ƙasar nan bai san kowa ba. Abin da na roƙe shi kawai, ya leƙa sau ɗaya a rana.

Dodon koɗi ne ya hau fulot ɗin ya danne shi. Allon yana ganin ruwa ya yi ƙasa, famfo ya yi ta zuba har durom ya ƙare. Ƙaramin tankin ƙasa ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi tayil ya iske soket ɗin da na ajiye a ƙasa, babban makunni ya faɗi, gidan duka ya ɗauke wuta. Mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya, famfon da ke juya ruwa ya tsaya, intanet ya tafi. Ni kuwa ina Madina ban ga saƙo ba, na ɗauka lafiya lau. Na kira mutumin nan rana ta biyu, ya ce mini, wallahi yanzu na fito daga gidanka, kifayenka suna ta wasa. Rana ta uku ma haka ya ce. Ashe ko ƙofar benen bai taka ba. Haris, mai gadin benen, shi ne ya gaya mini daga baya, shi da ya ga ruwa yana biyo matakala amma ba shi da lambata.

Da na buɗe ƙofa warin ne ya fara tarbata. Ruwan ya yi fari kamar an dama koko. Zafinsa 34, gishirinsa ya sauko 1.017 daga 1.025. Anemon ya narke, murjanin ya zama farin ƙashi, kifayen biyu suna kwance gefe ɗaya a bayan dutse. Yarinyata mai shekara shida ita ke ba su abinci kowace safiya, ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayata me ya sa ba sa motsi. Na rasa amsar da zan ba ta. Da hannuna na kwashe su, ina yi ina hawaye. Mutumin nan da na tunkare shi, cewa ya yi, ai kifi ne kawai, nawa ne kuɗinsu in biya ka. Wannan maganar ta fi asarar yi mini ciwo. Da ya ce mini ba zai iya ba, da na ba haris riyal hamsin ya riƙa leƙawa. Da rana ta farko ya shiga, makunni kawai zai ɗaga bayan ya zare soket ɗin, kifayen da sun rayu, don kifi yana jure raguwar gishiri, rashin iska da zafi ne suka ƙarasa su. Muna gaisawa a masallaci har yanzu, amma makullina ba zai sake riƙewa ba.

To, batun naka. Kafin ka zargi kod, duba bakin tiyon da ke zuba ruwan. In yana ƙasa da tsayin ruwan da ke cikin jarkarka, ko famfo ya tsaya ruwa zai ci gaba da janyo kansa har jarka ta ƙare. Ɗaga bakin sama da jarkar, kuma kada ya nutse a cikin tanki. Mutane da yawa a dandalin nan sun yi ta sauya kod alhali wannan ce matsalarsu.

Sannan fulot ɗaya ba ya isa, wallahi ba ya isa. Gishiri yana bushewa a jikinsa ya ƙage, dodon koɗi yana hawa. Saka na biyu sama da na farko da kamar santimita biyu, kuma shi kada ya bi ta Arduino kwata-kwata. Haɗa shi ta yadda zai yanke wutar famfon kai tsaye, ko allon ya sandare shi zai yi aikinsa. Famfon ya zama ƙarami na volt 12. Kada ka kuskura ka bi da 220 ta cikin fulot a ruwan gishiri, rayuwarka ce da ta yaranka. Fulot ɗin kuma ka yi masa ɗan keji na roba mai ramuka.

A cikin kod, ka sa masa iyaka. Nawa yanzu in famfo ya yi daƙiƙa 60 fulot bai tashi ba, yana kashe shi ya kulle, ba zai sake kunnawa ba sai na danna maɓalli da yatsana. Wajen ƙirga lokaci ka yi aiki da umarnin millis, ka bar delay, don lokacin da allon yake cikin delay ba ya ganin komai. Ka tabbata ƙafar da fulot yake kai ka sa mata INPUT_PULLUP, in ba haka ba tana karanta abin da ta ga dama. Kuma kada ya kunna famfo sai fulot ya zauna ƙasa daƙiƙa goma a jere, saboda kaɗawar ruwa. Wani abu kuma, yawancin allunan rile masu arha, waɗanda Arduino ke kunna famfo da su, da LOW suke kunnawa ba da HIGH ba, ka gwada naka da kyau. In Arduino yana sake tashi duk lokacin da famfo ya tsaya, raba musu wuta, ka ɗaura diyod 1N4007 a kan ƙafafun famfon.

Amma abin da ya fi duk wannan, rage jarkar. Da lita 10 na bari maimakon 60, ko duka ta zube gishirin daga kashi 35 cikin dubu, wato kusan 1.025 ɗin nan, zai sauko wajen 33 ne kawai, ba abin da zai mutu. Nawa yana shan lita biyu zuwa uku a rana in fanka tana busa saman ruwan, ka auna naka ka zuba daidai kwanakin tafiyarka, kada ka ƙara.

Tun da ka ce kana da DS18B20, na'urar auna zafin ruwa, ka kula da shi ma. In wayarsa ta tsinke yana ba da -127, in bai gama aunawa ba bayan tashi yana ba da 85. Kod ɗin da bai san wannan ba, in ya ga -127 zai kunna hita ya dafa maka tanki. Ka ce masa duk abin da ya fita daga 15 zuwa 40 ƙarya ne, ya kashe hita ya yi ƙara. Kada ka manta rizisto 4.7k ɗinsa. Kan ƙarfensa da suke cewa ba ya tsatsa, nawa wata biyar ya yi ya fara ja, yanzu rufe shi nake da roba. Jan ƙarfen waya in ya taɓa ruwa guba ne ga jatan lande da murjani. Mu ma a Jidda ai zafi ne abokin gabarmu, riƙe shi a 25 zuwa 26 a watan Yuli ba ƙaramin aiki ba ne in ba mukayyaf.

Na ga wani a cikin amsoshin ƙasa yana ba ka shawarar ɗebo ruwa daga Abhur, bakin tekun nan na Jidda. Ruwan Bahar Maliya gishirinsa ya kai wajen 40, sai ka sirka shi, kuma ba shi ake ƙarawa a madadin wanda ya ƙafe ba. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka RO zalla za ka mayar.

Soket ɗinka kuma ɗauke shi daga ƙasa yau ɗin nan, kafe shi a bango sama da tanki, kowace waya ta sauko ƙasa sannan ta hau, don ɗigon ruwa ya tsaya a lanƙwasar. Allon a cikin akwatin roba mai murfi, nesa da feshin gishiri. In ka koma ESP32 nan gaba, sa shi ya riƙa turo maka saƙo kowace awa ko ba abin da ya faru. Ni shirun nan ne ya yaudare ni kwana uku. Yanzu in awa biyu ta wuce ban ji shi ba, haris nake kira, na ba shi lambata da makulli.

Kafin ka tafi, danne fulot ɗin ƙasa da hannunka ka tsaya ka ga abin da zai faru, zare filogi ka mayar ka ga yadda rile zai tashi. Ka turo hoton haɗinka a nan in duba maka daren nan bayan Isha. Ina da fulot biyu sababbi da ban yi amfani da su ba, in kana Jidda ka zo ka karɓa. Allah ya tsare maka su, ya kai ku Madina lafiya.