Tambaya da Amsa: Jinyar Miji ko Mata a Ƙasar Ƙanƙara

Wasiƙun wannan fitowa daga 'yan uwanmu mazauna Kanada da arewacin Amurka suka zo, kuma damuwarsu ɗaya ce: yadda mai jinya zai fita da majinyacinsa asibiti ko cefane alhali ƙasa ta daskare. Masu aikin jinya da gashin ƙashi ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama. A cikin gida yana dogara sanda, a waje kuma sai keken guragu. Ni ke kai shi asibiti, ni ke cefane, kuma wannan ne hunturunmu na farko tun da ciwon ya same shi. Babban tsorona shi ne shigar da shi mota. Yaya zan yi? (Wata baiwar Allah, Toronto)

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri. Tsoronki yana kan hanya, domin 'yan takun da ke tsakanin ƙofar gida da kujerar mota su ne suka fi hatsari a duk tafiyar. A nan ne yake miƙewa, a nan ne nauyinsa ke komawa kanki, ke kuma kina tsaye a kan santsi.

Kafin komai ki duba hasashen yanayi. Idan an ce za a yi ruwan sama mai daskarewa, wato ruwan da yake zama ƙanƙara da zarar ya taɓa ƙasa, ki buga wa asibitin waya a ɗage ganin likitan ko a yi shi ta waya. Babu takalmin da yake riƙe mutum biyu a irin wannan rana. Idan kuma ke za ki zaɓi lokaci, ki nemi tsakanin hantsi da azahar. Dusar ƙanƙarar da ta narke jiya da rana takan sake daskarewa cikin dare, ta zama siririyar ƙanƙara mai kama da jiƙaƙƙen kwalta. Ido ba ya ganinta. Ta fi samuwa a inuwar gini, da ƙarƙashin indararo, da gindin tulin dusar da aka ture gefe a wuraren ajiye motoci.

Ki share hanya da shebur tun daga ƙofa har gefen mota, faɗinta ya kai kamar mita ɗaya, sannan ki watsa gishirin hanya minti 20 zuwa 30 kafin ku fita. Mutane da yawa suna zuba shi tuli, kuma hakan ba ya ƙara komai: babban kofin shayi ɗaya, kusan rabin kilo, ya ishi hanyar mota mai tsawon mita 6, in dai an warwatsa shi. Sai dai gishirin yau da kullum ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan rana ki nemi mai sinadarin kalsiyam kulorayid, ko ki zuba yashi. Yashi ba ya narkar da komai, amma yana ba ƙafa abin kamawa nan take. Ki ajiye gora ɗaya cike da shi a cikin mota, da tabarmar roba irin ta bakin ƙofa, domin can inda za ku sauka ba ke kika share ba.

Sai shigarwar kanta. Ki tura kujerar gaba ta fasinja baya iyakarta, ki ɗan kwantar da majinginarta. Ki kawo keken kusa da ita a ɗan karkace, ɓarinsa na hagu mai lafiya yana kusa da motar. Ki danne birki biyun, ki kawar da matakan ƙafa. Ki sani cewa birki taya kawai yake riƙewa. A kan ƙanƙara keken gaba ɗaya yana iya zamewa baya da birkinsa a danne. Don haka yashin ya shiga ƙarƙashin tayoyi, tabarmar kuma ƙarƙashin ƙafafunsa da naki. Ki kakkaɓe dusar da ta manne a tafin takalminsa.

Ki nemi ɗamarar ɗaga majinyaci wajen mai yi masa gashi, ba ta da tsada. A kan suwaita ake ɗaura ta, ƙarƙashin kwat, domin yadin kwat na sanyi yana da sulɓi, ɗamarar za ta zame ta hau ƙirjinsa. Ki kama ta gefe biyu, gwiwarki ta tare gwiwarsa ta dama don kada ta lanƙwashe. Ya matso bakin kujera, ya sunkuyo gaba, ya dafa hannun keken da hagunsa, ku ƙirga uku tare ya miƙe. Ya juya a hankali har bayan cinyoyinsa su taɓa kujerar mota, ya fara zama tukuna, sannan ki shigar da ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Kada ki taɓa jan hannunsa na dama, kafaɗar da ta shanye tana saurin gocewa. Kada ya rataya a wuyanki, kada kuma ya dogara da ƙofar mota, don tana motsi. Wajen fitowa ki ƙara lura, saboda a nan ɓarin da ya shanye ne yake fara zuwa wajen keken.

Idan kika ji yana sulalewa, kada ki yi ta maza ki ce sai kin tsayar da shi. Ki riƙe ɗamarar, ki bar shi ya bi cinyarki har ƙasa a hankali, ki kare kansa.

Game da takalmi, kada kalmar "na hunturu" da aka rubuta a kwali ta ruɗe ki. Cibiyar binciken asibitin farfaɗo da majinyata ta nan Toronto tana gwada takalma a kan ƙanƙarar gaske, tana wallafa sakamakon a shafin Rate My Treads, kuma da yawa ba sa cin gwajin. Ki duba kafin ki saya wa kanki da shi. Akwai kuma ƙarfe mai haƙora da ake ɗaura wa bakin sanda, da ƙusoshin da ake sanya wa takalmi. Suna aiki a waje, amma a kan tayil na kanti ko asibiti sun fi ƙanƙarar santsi, sai a ɗage su tun a bakin ƙofa. Abaya ko zani mai jan ƙasa kuwa ki tattare shi sama da idon sawu. Yana jiƙa, yana harɗe ƙafa, yana shiga taya. Tafiyarki ta zama irin ta mai ɗauke da tulu a taɓon damina: gajeren taku, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa.

Tambaya: Maiɗakina ta samu rauni a laka, ba ta jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, tana amfani da keke mai batir. Tun da sanyi ya shigo batirin ba ya daɗewa, kuma idan mun dawo sai in tarar ƙafafunta sun yi sanyi ƙalau ba ta sani ba. (Wani bawan Allah, jihar Minesota)

Amsa: Malam, maganar ƙafafun ta fi ta batir gaggawa, da ita za mu fara. Mai lafiya idan sanyi ya ciji yatsunsa yakan ji zafi ya motsa su. Ita ba ta da wannan gargaɗin, jini kuma ba ya zagayawa sosai a ƙafar da ba ta motsi. Ke nan idonka da hannunka su ne za su tsaya mata. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, kuma Minesota tana ganin irin wannan sanyi a Janairu. Ka lura cewa can da Faranhait ake faɗar yanayi: sifili a ma'auninsu ya kai kusan digiri 18 ƙasa da sifili a Salshiyas.

Ka sanya mata safar ulu, ba ta auduga ba, domin auduga tana riƙe danshi. Takalmin ya zama ya ɗara girman ƙafarta, don matsattse yana tare jini kuma yana jawo gyambo. Bayan alwala a tsane ƙafa sosai har tsakanin yatsu kafin safa ta hau. Ku kuma tambayi malaminku hukuncin shafa a kan huffi, akwai sauƙi a ciki. Bargon cinya a cusa gefunansa don kada taya ta kama shi. Doguwar kwat kada ta naɗe a ƙarƙashinta, wannan ƙullin ma yana fara gyambon zama. Idan matashin kekenta mai iska ne, sanyi yana rage masa iska, sai ka riƙa sa hannu ƙarƙashi kana dubawa kamar yadda aka nuna muku a asibiti.

Da kun dawo ka cire safar ka duba. Fatar da ta yi fari-fari ko toka-toka, ta yi tauri kamar kakin zuma, alamar daskarewa ce. Kada ka murza, kada ka kanga ta a hita, kada ka ɗora robar ruwan zafi. Fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba tare da mai ita ta sani ba, kuma wannan ya haɗa da kujerar mota mai ɗumama kanta, a kashe ta ɓangarenta. Ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 a Salshiyas ake sa ƙafar a ciki, ka gwada shi da gwiwar hannunka, sannan ku nemi likita a ranar.

Batir kuwa halinsa ke nan a sanyi, ba lallai ya lalace ba. Mafi yawan kekunan nan batir biyu ne masu bolt 12, kuma nisan da suke kaiwa yana raguwa a hunturu, ga dusa tana ƙara wa injin aiki. Keken ya kwana a cikin gida, ba a gareji ko mota ba, a yi masa caji kowane dare. Idan batirin litiyam ne, kada a sa masa caji yana daskare, a bari ya ɗumama tukuna. Ka rufe sandar tuƙin da leda idan dusa na zuba. Bayan kowace fita ka goge tayoyi da ƙarafan ƙasa da tsumma mai ɗan danshi ka busar, domin gishirin hanya yana cin ƙarfe, ƙananan tayoyin gaba su ne suke fara cijewa. Gangarar hawa keke da ke ƙofarku ita ma a kula da ita: ƙa'idar Amurka ita ce inci 12 na tsawo ga kowane inci ɗaya na tudu, kuma ko mai wannan awon idan ta yi ƙanƙara keke mai nauyi zai zame a kanta.

Tambaya: Zan iya barin maigida a mota injin yana aiki, in shiga kanti minti goma in fito?

Amsa: Hajiya, ba mu ba da wannan shawara ba. Idan dusa ta toshe bakin salansa, iskar kabon monoksayid tana komowa cikin mota. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da barci take fara sawa, wanda kuma ba ya iya buɗe ƙofa ya fita da kansa ba shi da mafita. Idan kika kashe injin, motar tana hucewa da sauri. Minti goma kuma a layin biyan kuɗi yakan zama rabin awa. Manyan kantuna da yawa suna karɓar oda ta waya su kawo kayan har bayan mota, ki yi amfani da wannan. Irin wannan iskar ce gawayi yake fitarwa, don haka ko wuta ta ɗauke kada a kunna kaskon garwashi a gidan da aka toshe ko'ina saboda sanyi. Idan yana amfani da insulin, allurar ciwon sukari, kada a bar ta a mota. Wadda ta daskare ta lalace ko da ta narke.

Tambaya: Idan ya faɗi a waje fa, ko ni na faɗi shi yana gida shi kaɗai?

Amsa: Idan ya faɗi, kada ki yi saurin ɗaga shi. Ki tambaye shi inda yake masa ciwo. Ƙafar da ta gajarta ta juya waje, ko zafi a kwatangwalo ko wuya, ko ruɗewa, duk na kiran lambar gaggawa ta 911 ne. Idan kansa ya bugu kuma yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko apixaban, sai asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin jini yana iya tsattsafowa a cikin kai sai bayan sa'o'i alamar ta fito. Kafin motar asibiti ta iso ki lulluɓe shi, ki cusa bargo ko kwat tsakaninsa da ƙasa gwargwadon yadda za ki iya ba tare da kin juya shi ba. Ƙasa mai ƙanƙara ta fi iska zuƙe ɗumin jiki.

Rabi na biyu na tambayarki shi ne wanda masu jinya suka fi mantawa, kuma mun ji daɗi da kika yi shi. Duk lokacin da za ki fita ki bar shi, ki fara kai shi bayan gida, ki ajiye masa waya mai caji, da ruwa, da bargo a ɓarinsa mai lafiya. Ki faɗa wa mutum ɗaya, maƙwabciya ko wata daga jama'ar masallacinku, inda za ki da lokacin dawowarki, kuma ta kasance tana da makullin gidan. Wayarki ki sa ta a aljihun ciki, sanyi yana kashe batirinta. A jakarki ki ɗauki kati mai cewa akwai majinyaci a gida da yake jiranki, da lambar wadda za a kira.

Sannan ki rage fitar ita kanta. Ki roƙi kantin magani su ba da na wata uku a lokaci ɗaya inda doka ta yarda, ko su riƙa kawowa gida. Ki nemi takardar ajiye mota ta masu buƙata ta musamman, likita ne yake cike fom ɗin. Akwai motocin birni masu ɗaukar mai keke daga ƙofa zuwa ƙofa, irin su Wheel-Trans a Toronto da Metro Mobility a yankin Miniyafolis na jihar Minesota, amma sai an yi rajista an tantance, don haka a fara tun kafin Nuwamba. Lambar 211 tana haɗa mutum da masu taimakon jinya na yankinsa, 311 kuma a birane da yawa ita ake kira a kai ƙarar hanyar ƙafa ko gangarar bakin titi da ba a share ba.