Amsa ga ƙanina da ke tambaya kan aikin tsinkar inabi a kudancin Faransa

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a jami'ar Avignon, kana so ka san ko aikin tsinkar inabi zai rage maka kuɗin haya, da kuma irin gonakin da ke ɗaukar ma'aikata.

Aikin akwai shi, daga ƙarshen Agusta har cikin Oktoba. Takardar zaman ɗalibi ta ba ka damar aiki awa 964 a shekara, kwantiragin tsinka kuwa ba ya wuce wata ɗaya. Sai dai lokacin yana cin karo da buɗe makaranta a Satumba.

Abin da nake so ka sani tun kana Damagaram shi ne, wannan inabin ba na ci ba ne, na giya ne. Arewa da Avignon akwai yankin Châteauneuf-du-Pape, inda doka ta wajabta a tsinke da hannu, shi ya sa ake neman mutane. Ɗauki gonar Beaucastel a Courthézon. Tun 1909 take hannun zuri'a ɗaya, iyalan Perrin, kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Suna noma duk irin inabi 13 da dokar yankin ta amince da su, sun kuma daɗe da daina zuba maganin ƙwari na kamfani. Ƙasar cike take da duwatsu masu sulɓi da ke shan zafin rana su mayar wa itacen da dare, ga iskar mistral mai busar da ganye ta hana ruɓa. Jan giyarsu ya dogara ne kan irin inabin Mourvèdre da Grenache. Masu sha suna yaba duhunsa da ƙarfinsa, da ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace da masoro da jemammiyar fata, kuma yakan kai shekara 20 a kwalba yana ƙara kyau. Ni ba na sha, amma a matsayina na ɗan manomi ina girmama yadda suka riƙe ƙasar gado.

Girmamawar ba ta canza hukunci ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kan la'anar masu hannu a giya ya haɗa da mai matsewa da mai ɗauka, malamai da yawa kuma sun hana taimakawa da inabin da aka san giya zai zama. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi kafin yunwa ta yanke maka shawara. Yankin yana da gonakin tuffa da kankana da tumatir, su ma suna ɗaukar ɗalibai.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka bi ɗan kwangilar da ba ya ba da takarda. A 2023 an gano 'yan Afirka ta Yamma sama da 50 masu tsinkar inabi a yankin Champagne, arewa maso gabashin Faransa, an cusa su a wani kango, maganar har ta kai kotu. Ka sa hannu da mai gona kai tsaye, ka kuma adana takardar biyanka ta kowane wata.